Ledar shara mai araha ta kanti: tana biyan kuɗinta ko asara ce?

Tambayar ta fito ne daga wata uwargida a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Ta ce tana sayen ledar shara irin ta naɗi a manyan kantunan gari, mai arahar nan da ake rubuta guda 30 a jikinta, amma sau da yawa sai ta fashe kafin yaro ya kai ta bakin ƙofa, wani lokacin kuma ruwan shara ya tsiyaye a gindin kwando. Tana so ta sani: ta koma sayen mai tsada ne, ko duk kanwar ja ce, suna kawai ake saya?

Hajiya, ba duk kanwar ja ba ce, amma kuma tsada ba ta zama shaidar ƙarko. Na yi aiki a gaban injin busa leda a wata masana'anta a Sharaɗa ta Kano kafin na dawo gida na kama sarin leda, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne, ledar da kike saya ba lallai jabu ba ce. An yi ta ne domin wata irin shara da ba irin ta gidajenmu ba.

Ledar shara a Kanada aka ƙirƙiro ta, a 1950, a birnin Winifeg, kuma wani asibiti ne ya fara amfani da ita. Daga nan ta shiga gidajen Turawa, inda abin da ake zubarwa yawanci takarda ne da kwalin abinci da ragowar ganye, kaya masu cika ido marasa nauyi. Ki kwatanta da abin da ke fita daga tsakar gida a Katsina. Da safe an share gida, rabin abin da tsintsiya ta tara yashi ne, balle a lokacin hunturu da ƙura ke sauka dare da rana. Ga tokar gawayi, ga ƙashin miya, ga tsinken tsire, ga ƙayar kifi, ga murfin gwangwanin tumatir mai kaifi, ga ɓawon rake, ga ɓawon kankana da ƙwallon mangwaro masu jiƙe da ruwa, ga famfas ɗin yara. Busasshen yashi lita ɗaya yana kai kilo ɗaya da rabi. Ledar kicin ta yau da kullum tana ɗaukar lita 40 zuwa 50, to ko kashi ɗaya cikin huɗu nata yashi ya cika, kin riga kin ɗora mata kilo 15. Babu siririyar ledar da za ta ɗauki wannan, ko daga wace ƙasa aka kawo ta.

Yanzu ga ita kanta ledar. Robar da ake yin ta da ita sunanta foliyetilin, daga iskar gas da ɗanyen mai ake samo ta, tana zuwa masana'anta a matsayin ƙananan ƙwayoyi cikin buhu. Ana narka su, a turo narkakkiyar ta wani baki mai zagaye, a hura mata iska ta kumbura kamar balan-balan tana hawa sama tana hucewa, sannan a matse ta a naɗe. Gwargwadon saurin da injin ke jan ta sama, gwargwadon sirantarta. Mai masana'anta yana iya rage kaurin leda da murɗa maɓalli ɗaya, kuma ke da kike gaban kanta a kanti ba za ki gane da ido ba.

Iri biyu ne manya, a wurin aiki HD da LD muke ce musu. Idan akwai ɗan tambarin kusurwa uku a jikin ƙunshin, lamba 2 HD ce, lamba 4 LD ce. HD ita ce mai ƙara idan kin murza ta, fuskarta ba ta sheƙi, kuma ana iya yin ta siririya sosai ta riƙe nauyi daidai gwargwado. Kusan duk mai arahar kanti ita ce. Aibinta ɗaya ne amma babba: ba ta miƙewa. Da zarar tsinke ya huda ta, yagewar ba ta tsayawa, sai ta tafi ɗoɗar daga sama har ƙasa, domin lokacin busawa an ja robar ta miƙe ta fuska guda. LD kuwa mai laushi ce, tana ɗan sheƙi, ba ta ƙara, idan abu ya tokare ta sai ta miƙe ta bi shi kafin ta huje, kuma hujin yakan tsaya inda yake. Akwai ta uku, LLD, wadda ake gauraya ta da LD domin ƙara juriyar huda. Ledar shara mai kyau da gaske yawanci wannan gaurayen ne. Sharar da ke da ƙashi da tsinke LD take so, ko da HD ɗin ta fi ta kyan kwali.

Ana auna kauri da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yana kusan maikiron 70. Mai arahar kanti takan faɗo tsakanin maikiron 8 zuwa 12, ta tsakiya 20 zuwa 30, mai ɗaukar kaya masu nauyi 40 zuwa sama. Idan kina son ma'auni, lokacin da gwamnatin Legas ta fara aiwatar da haramcin robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a watan Yulin 2025, ledar da ba ta kai maikiron 40 ba ce ta shiga cikin haramcin. Duk ƙunshin da aka cika shi da manyan kalmomin yabo, an ce mai ƙarfi ce, an zana giwa ko zaki, amma ba a rubuta maikiron ko faɗi da tsawo ba, ni ban cika yarda da shi ba. Wanda ledarsa ke da kauri ba ya ɓoye lambar.

Dalilin da ya sa kike jin kamar ledar bana ba ta kai ta 'yan shekarun baya ba, shi ma gaskiya ne, ba zato ba ne. Ana yin ƙwayar robar a Najeriya, kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas yana yin ta, ana kuma shigo da wata daga waje, amma farashinta dala yake bi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, kuɗin ƙwaya da na wuta da na mota duk suka tashi. Mai masana'anta ya san idan ya ninka farashin naɗi ba za a ɗauka ba. Sai ya bar farashin kusa da inda yake, ya shiga cikin kayan ya rage: ya sirantar da ita, ya datse santimita biyu ko uku a tsawo, ya ƙara fila, wani ma ya rage guda biyu a naɗin. Ki zauna wata rana ki ƙirga naɗi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ba ɓata lokaci ba ne.

Fila ɗin nan ya kamata ki san shi sosai, domin shi ne ke yaudarar har masu wayo. Garin farin dutse ne, kalsiyam kabonet, dangin alli. Ya fi roba araha nesa ba kusa ba, kuma ya ninka ta nauyi kusan sau uku. Kaɗan daga cikinsa ba laifi ba ne, yana ma hana ledar mannewa da juna. Idan ya yi yawa ne ake samun ledar da za ki ɗaga ki ji nauyi a hannu, ki taɓa ki ji kauri, ki ce kin yi dace, sai ki zuba mata kaya ta tsage ba tare da ta miƙe ko kaɗan ba. Alamarta, jikinta yana da ɗan gari-gari a yatsa, baƙinta ya koma toka-toka, kuma idan kin ja ta wurin ya yi fari fat nan take. Akwai gwajin da za ki yi a gida: ki yanki ɗan ƙyalle daga jikinta, ki sa a kofin ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, ki danna shi ya jiƙe sosai, kumfar iska ta rabu da shi. Tsantsar foliyetilin ta fi ruwa rashin nauyi, za ta taso sama. Wadda aka cika wa fila za ta sauka ƙasa ta kwanta.

Sai maganar risaikul. Yawancin baƙar ledar shara daga tsohuwar leda aka yi ta: ledar fiya wata da sauran tarkacen da 'yan bola ke tarawa su sayar a kilo, a kai Kano a wanke, a niƙa, a narka, a mai da su ƙwaya. Baƙin launi yana rufe bambancin kalolin da aka haɗa, yana kuma kare robar daga hasken rana. Ni ban ga aibin wannan ba ga abin da shara za a zuba masa, hasali ma ya rage abin da zai toshe mana kwata. Matsalar tana wajen wanki da tacewa. Idan ba a wanke da kyau ba, yashi da guntun takarda suna shiga cikin narkakkiyar, kowane ɗigo kuma wuri ne da yagewa za ta fara. Ki buɗe leda ɗaya ki ɗaga ta saitin rana. Idan kin ga tsabar ƙuraje a jikinta, ko layuka masu haske da masu duhu, wato wani wuri siriri wani wuri mai kauri, to ƙarfinta ƙarfin wurin nan mafi siranta ne. Wari mai kama da ƙonanniyar roba shi ma alama ce ta kayan da aka narka sau da yawa har suka gaji. A nan zan ɗan ratse: irin wannan baƙar ledar ba ta abinci ba ce. Masu ƙulla alala ko tuwo mai zafi a cikinta su daina, babu wanda ya san abin da tsohuwar ledar ta ɗauka kafin a narka ta.

Ruwan da kika ce yana taruwa a gindin kwando, wannan ba laifin kauri ba ne, laifin liƙi ne. Ƙarfe mai zafi ne ke danne gindin ledar ya haɗe shi. Idan zafin ya gaza, liƙin ba ya kamawa, kina iya ɓare shi da yatsa biyu. Idan ya yi yawa, yana cinye robar gefen layin ta zama siririya, sai ta tsinke a nan. A masana'antar da wuta ke rawa, ana komawa janareta ana dawowa, cikin naɗi ɗaya za ki iya samun mai kyau da marar kyau. Salon liƙin ma ya bambanta. Akwai miƙaƙƙen layi ɗaya, ba ya yawan yoyo amma kusurwoyinsa ba sa zama daidai a kwando mai zagaye. Akwai mai lanƙwasa a gefe biyu, inda ƙarfen ke danne ninki huɗu a gefe da ninki biyu a tsakiya lokaci guda, kuma daidai mahaɗar nan ce ruwa ke bi. Akwai wanda ake tattare gindin duka a liƙe shi wuri ɗaya, idan kin buɗe ki ga ninkin ya bazu daga tsakiya. Wannan na ƙarshen ya fi raba nauyi, ya fi riƙe ruwa. Gwajinsa ba wuya: zuba ruwa kofi uku a sabuwar leda, ki rataye ta a ƙusa minti goma, ki duba ƙasa. Ki kuma lura da layin hujin da ake yage leda daga 'yar'uwarta. Idan ya matso jikin liƙin sosai, garin yagewa kina raunana gindin ledar tun ba ki zuba komai ba.

To, lissafin kuɗi. Kada ki ƙirga leda da guda, ki ƙirga ta da nauyin robar da kika saya. Leda mai faɗin santimita 60 da tsawon 70, idan HD ce mai maikiron 10, nauyinta kusan giram 8 ne, guda 30 sun tashi giram 240. Irin girman nan a LD mai maikiron 25 kusan giram 19 ne, guda 20 sun kusa giram 390. Mu ɗauka, a misali, naɗin farko ₦1,500 ne, na biyu ₦2,000. A ido na farko ya fi araha, ₦50 kowace ɗaya, na biyu ₦100. Amma a kilo, na farko ya haura ₦6,000, na biyu bai wuce ₦5,200 ba. Kuma tunda siririyar tana fashewa, na san abin da kike yi: kina haɗa biyu. Kin ga kin biya ₦100 ɗin dai, kin samu giram 16 na robar da ba ta miƙewa maimakon giram 19 na wadda ke miƙewa, ga wanke kwando, ga sake share zaure. Ki sa farashin da kika tarar a kantinku cikin wannan lissafin, ki ɗora naɗin a sikelin kicin ko na mai shago, ki cire nauyin kwalin tsakiya in akwai. Sai dai ki haɗa da gwajin ruwan nan, kada nauyin fila ya ruɗe ki.

Wannan ba ya nufin mai tsadar kanti ita ce mafita. Wani ɓangare na kuɗinta na kwali ne mai hoto, da turaren da aka sa mata, da zaren zuge baki, da kuɗin shigowa idan ta waje ce, da sanyin kantin kansa. Turaren ba ya hana ruɓa, a zafin Afrilu da Mayu da Katsina ke haura digiri 40, sharar kicin da ta kwana biyu sai ta yi wari ko da me aka shafa wa ledar. Zaren zugewa yana da daɗin aiki, amma a masu arahar cikinsu daidai wurin zaren ne ke fara yagewa idan an ɗaga. Akwai kuma masu rubutun cewa suna ruɓewa da kansu. Da yawansu roba ce ta yau da kullum da aka sa wa sinadarin da ke sa ta farfashe idan ta sha zafi da iska. Ba ta zama taki, gutsi-gutsi take zama, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana irinta tun 2021. A yanayinmu tana iya fara rugurguzewa tun tana cikin kabad.

Abin da nake ba masu saye a wurina shawara shi ne su raba aikin. Mai arahar nan ki bar ta, amma ki mai da ita ƙaramin kwandon ɗaki da na banɗaki da na ofis, inda takarda ce da gashin tsifa da ledar biskit. A can ba ta da abokiyar gasa, kuma sayen mai kauri domin wannan aikin ɓarnar kuɗi ce. Na kicin, ki nemi baƙar LD mai maikiron 25 zuwa 30. Masu sarin leda a babbar kasuwa suna da ita ba kwali ba hoto, kuma a can kina da damar da kanti ba ya ba ki: ki ce a ciro miki ɗaya, ki tura babban yatsa a jikinta a hankali. Mai kyau za ta miƙe ta rufe yatsan kafin ta huje. Marar kyau za ta fashe tun yatsan bai shiga ba. Sharar tsakar gida kuwa, yashi da ganyen darbejiya da toka, ba ta leda ba ce sam. Tsohon buhun shinkafa ko na taki ya fi kowace leda, domin saƙa ce, kuma mai baro zai juye ya dawo miki da abinki. Manoman da ke kwasar shara su kai gona a matsayin taki su ma sun fi son wadda babu leda a cikinta.

Toka tana bukatar kashedi na musamman. LD tana narkewa a wajen digiri 110, HD a wajen 130, garwashi kuwa ya ninka haka sau da yawa, kuma yana iya kwana a cikin toka da ransa. Yawancin hujin da mata ke kawo min ƙorafi a kai, idan na duba sai in ga bakinsa a naɗe yake, ya yi tauri. Wannan ƙuna ce, ba yagewa ba. A bar toka ta kwana a tsohon kwano ko a yayyafa mata ruwa. Haka man suya mai zafi da ruwan tafasasshen taliya.

Wasu 'yan halaye suna sa ko siririyar ta ƙara kwana. Ki tsiyaye ruwan ragowar abinci kafin ki zuba. Murfin gwangwani ki tura shi cikin gwangwanin, tsinke ki karya shi biyu, fasasshiyar kwalba ki naɗe ta a kwali, wannan ma domin hannun yaron da ke kwashewa ne. Ki shimfiɗa guntun kwali a gindin ledar ya sha danshi. Kada a cika ta har baki, a bar abin ƙulli. Kuma ki hana yara jan ta a ƙasa, siminti yana cin gindin leda cikin taku kaɗan. Naɗin da ba a buɗe ba a ajiye shi nesa da taga da murhu. Fara ko shuɗiyar leda ta fi baƙa saurin lalacewa a rana, idan kin ga naɗin da ya daɗe a bakin gilashin kanti har kwalinsa ya koɗe, ki ɗauki na can ciki.

Idan kuma a ƙofar gida ake ajiye sharar kafin masu kwashewa su zo, to babu kaurin da zai hana akuya. Tana jin ƙanshin ɓawon kankana za ta farke ledar, ta haɗiye wani sashe nata, kuma mahauta sun san dunƙulen ledar da suke tararwa a tumbin dabba. Nan durom mai murfi ake bukata, ko da tsohon bokitin fenti ne da dutse a kai. Ranar layya ma haka: jini da kashin tumbi da ƙasusuwa a bokiti ake fitar da su ko a binne, leda sai dai ta zama shimfiɗa a cikin bokitin.

Saura girma, wanda shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Ledar da ta yi wa kwando kaɗan, ana jan bakinta ne da ƙarfi a kafa, ta riga ta raunana, gindinta kuma yana rataye bai taɓa ƙasan kwandon ba, duk nauyin yana kan liƙi. Kafin ki fita kasuwa ki zagaya bakin kwandonki da igiya, ki ninka igiyar biyu. Faɗin ledar a shimfiɗe ya zama ya ɗara wannan da kamar yatsu uku. Tsawonta kuma ya zama tsayin kwandon, a ƙara rabin faɗin gindinsa, a ƙara taƙi ɗaya na lanƙwasawa a baki. Ki tafi da igiyar a jaka, ki auna a gaban mai shago.